Wai Sauro Ne Ya Saba da Magani? Muhawarar Malaman Kimiyya na Zariya

Malamin Bayoloji, Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan uwa malamai. Akwai abin da nake so mu tattauna kafin 'yan SS3 su shiga bitar jarrabawa. Duk shekara in aka zo babin juyin halitta, mukan ɗora wa addini alhakin rashin fahimtar yara, mu ce maganar biri ce ta sa suka toshe kunne. Ni kam ban gamsu da wannan ba. Na ba yarana tambayar da babu biri a cikinta, babu Annabi Adamu: me ya sa maganin feshin da ke kashe sauro a da, yanzu ba ya kashe shi sosai? Kusan dukkansu abu ɗaya suka rubuta, wai sauron ya sha magani har jikinsa ya saba, sai ya haifi 'ya'ya su ma sababbu da shi. Wata yarinya, mai ƙoƙari ce kuwa, ta ce sauro ya ga za a ƙare da shi, shi ne ya canza jikinsa don ya tsira. Yaran nan sun haddace Lamarck da 1809, sun haddace Darwin da 1859, in ka tambaye su wa ya kuskure za su ce Lamarck. Amma da aka ba su sauro, amsar Lamarck suka bayar, wato abin da jiki ya saba da shi a rayuwa 'ya'ya suna gadonsa. Daga ina wannan tunanin yake zuwa?

Maman 'Yan Biyu, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Daga gida yake zuwa, Malam. Kafin in koma koyarwa na yi aikin jinya, kuma babu ranar da ba za ka ji wani ya ce "jikina ya saba da wannan maganin, a canza min" ba. Manyanmu a nan sun tuna kulorokwin, maganin zazzaɓin cizon sauro, da ɗacinsa da ƙaiƙayin da yake sa wasu su kwana suna susa. Ya yi aiki shekara da shekaru, sannan ya fara kasawa, har Najeriya ta ajiye shi a 2005 ta koma haɗin magungunan da ake kira ACT. Ka tambayi kowa a layin asibiti, zai ce jikin mutane ne ya saba. Alhali jaririn da aka haifa jiya, wanda bai taɓa ɗanɗana shi ba, in ya kamu da irin wannan ƙwayar cutar shi ma maganin ba zai yi masa ba. Jikin wa ya saba ke nan? Ƙwayoyin zazzaɓin ne ba iri ɗaya ba. Maganin ya kashe masu mutuwa, 'yan tsirarun da ba ya ci suka rage, sauro ya kwashe su ya rarraba.

Ɗan Samaru:
Hajiya ta taɓo wurin. Gindin matsalar shi ne yaro yana ɗaukar sauro abu guda ne, wake abu guda ne, akuya abu guda ce. In ya ga bambanci a tsakaninsu sai ya ɗauke shi tawaya ko ado. To in duk sauro ɗaya ne, ta yaya wasu za su mutu wasu su tsira? Dole ya ƙirƙiro wata amsa, kuma amsar da ta fi kusa ita ce sabo.

Abin mamakin, iyayen yaran nan ba su da wannan matsalar a gona. Ku je ku ga tsoho ranar girbin dawa. Zai bi zangarniya ɗaya bayan ɗaya, ya ware masu cika da nauyi, waɗanda ba su yi baƙi ba, ya ɗaure su daban ya rataye a inda hayaƙi ke bugu, ya ce wannan iri ne, kowa ya taɓa ya gamu da shi. Bai taɓa tunanin dawa za ta ga yana jin yunwa ta ƙara girma ba. Ya san bambancin yana nan tun farko, nasa zaɓe ne kawai. Aikin da cibiyar binciken noma ta Samaru ke yi ke nan, a tsare kuma a rubuce, shi ya ba mu irin masara na SAMMAZ da irin dawa na SAMSORG da irin wake na SAMPEA. Haka kajin Shika Brown da aka fitar a Shika. Darwin kansa da masu kiwon tattabaru ya fara littafinsa, don ya san mutane sun yarda da wannan, sannan ya ce to a daji fari da cuta da yunwa su ne ke yin zaɓen.

Baba Tsohon Hedimasta, Ƙofar Doka:
Yara, ku bar ni in sa baki ko da ba fannina ba ne. Mu da aka raine mu da tatsuniya mun san yadda ake ba yaro labarin dabba. Kowace dabba akwai abin da ta aikata ya jawo mata kamanninta, kuma zuriyarta ta gada har gobe. Yaron da ya tashi da wannan, in ka ce masa raƙumin dawa ya yi ta miƙa wuya har ya yi tsawo, ai ka ba shi abin da kunnensa ya sani ne. Shi ya sa Lamarck ke zauna musu daram.

Lokacin da nake aji, abin da nake tambayar yara shi ne: shekara nawa wanzamai suka yi suna tsaga fuskar jarirai a garin nan? Kakanka da tsaga, ubanka da tsaga, kai da aka haife ka ka zo da ita? Sai su yi dariya. In ce to kaciya fa, dubban shekaru ana yi, an daina kiran wanzami? Nan take suke ganewa cewa abin da ya sami jiki bayan haihuwa ba ya bin jini.

Malamin Bayoloji, Tudun Wada:
Allah ya ƙara girma, Baba. Wannan ya fi min misalin Bajamushen nan Weismann da ya yi ta yanke wa ɓeraye wutsiya a ƙarshen ƙarni na 19, 'ya'yansu suna fitowa da wutsiyarsu cif. Zan ɗauka.

Ustazu, Ƙofar Gayan:
Ina biye da ku. Ni ina koyar da kimiyya da safe, Islamiyya da yamma, don haka yaran da kuke magana a kansu ina ganinsu sau biyu a rana. Kada mu yi wa kanmu daɗin baki. Maganar sauro da dawa babu mai jayayya da ita, wannan sunnar Allah ce a cikin halittarSa, kuma wanda ya halicci sauron Shi ya halicci bambancin da ke tsakaninsu. Amma babin nan ba a kan sauro ya tsaya ba. Ku buɗe littafin, za ku ga hoton nan na biri a duƙe, na gabansa ya ɗan miƙe, har a kai ga mutum yana tafiya. Yaron da ya san an halicci Annabi Adamu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, daga yumɓu, kuma an karrama 'ya'yansa, me kuke so ya yi da wannan hoton? Ba rashin fahimta ba ce, ya fahimta sarai, ƙi ya yi. Kuma ni ban ga laifinsa ba.

Ɗan Samaru:
Allah ya gafarta Malam, wannan hoton ni ma da zan iya da na yage shi daga kowane littafi, amma dalilina daban. Hoton ƙarya yake yi wa ilimin kansa. Babu masanin da ya ce birin da muke gani yau shi ne ya rikiɗa ya zama mutum. Abin da suke faɗa shi ne mutum da birin cimfanzi sun haɗa kaka a can baya, wajen shekara miliyan 6 zuwa 7, kowa ya bi reshensa. Na san wannan ma ba za ka karɓa ba, kuma ban zo in tilasta ka ba. Amma yaron da zai ƙi abu, gara ya ƙi abin da aka faɗa, ba abin da ba a faɗa ba. Tambayar nan da suke yi kullum, "to me ya sa sauran birai ba su zama mutane ba?", daga hoton take fitowa.

Malama daga Wusasa:
Barkanku da war haka. Ustazu, mu ma a ɓangarenmu haka abin yake. Yaro ya taso da labarin kwana shida na halitta a makarantar Lahadi, ranar Litinin ka ce masa miliyoyin shekaru. Wasu iyayen har makaranta sukan zo. Ikilisiyoyi ma ba bakinsu ɗaya ba, Fafaroma John Paul na biyu ya ce a 1996 ka'idar ta wuce hasashe, wasu kuwa ko jinta ba sa son yi. Kuma Mendel, wanda muke koyar da wakensa a babin gado, ai malamin coci ne.

Amma ina goyon bayan mai buɗe zancen. Ina da yara da za su ce maka su sun yarda da juyin halitta, don suna ganin wayewa ce, amma in ka ba su tambayar sauro su faɗi warwas. Ina da kuma wata yarinya da ta ce min ita ba ta yarda ba ko kaɗan, amma ta zayyana yadda abin ke gudana babu kuskure ko ɗaya. Wace ce a cikinsu ta koyi bayoloji?

Mai Koyon Koyarwa, Kongo:
Iyayena malamai, ina neman afuwa in yi tambaya. Na ji ana cewa malaman Musulunci sun riga Darwin faɗin wannan magana. Ibn Khaldun a Muƙaddima, wadda ya rubuta a 1377, ya yi maganar halitta tana hawa daga ma'adinai zuwa tsirrai zuwa dabbobi, har ya ambaci birai kafin mutum. Jahiz na Basra kuma tun ƙarni na 9 ya yi rubutu a kan yadda dabbobi ke cin juna da yadda muhalli ke shafarsu. Ba zai taimaka ba in muka fara da su, don yara su ga ba kayan Turawa ba ne?

Malamin Bayoloji, Tudun Wada:
Ƙanwata, zai buɗe kunne, amma ki yi hattara. Abin da Ibn Khaldun ya siffanta matakala ce, na ƙasa da na sama, kowane mataki ya fi na bayansa daraja. Wannan shi ne ainihin tunanin da muke fama mu cire. Yaranmu sun riga sun jera halittu a kansu: tsutsa ce ƙarshen wulaƙanci, sai kwaɗo, sai kare, sai doki, mutum a ƙololuwa. Don haka suna jin juyin halitta sai su ɗauka ci gaba ne, kowa yana hanƙoron hawa sama. A ilimin kuwa babu sama babu ƙasa. Tsutsar ciki ba ta da ido, wata ma ko hanji ba ta da shi, kuma tana cin kasuwarta lafiya lau. Ki ambace su a matsayin masu lura da halitta, wannan gaskiya ne, amma kada ki ce sun faɗi abin da Darwin ya faɗa.

Ustazu, Ƙofar Gayan:
A nan kam mun haɗu. Ba na son a riƙa jawo malamanmu da ƙarfi a sa musu rigar da ba tasu ba.

Injiniya, Gyallesu:
Ni ba malamin bayoloji ba ne, fiziks nake koyarwa, amma ku ba ni amsa. Sauron da ya gagari magani har yanzu sauro ne. Dawar da tsoho ya zaɓa har yanzu dawa ce. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Duk misalan da kuka kawo canji ne a cikin gida ɗaya. Ina kuka ga wani abu ya fita daga jinsinsa?

Ɗan Samaru:
Injiniya, karin maganarka daidai take, kuma ka'idar ba ta musa ta ba. Ba wai uwa ce ke wayar gari ta haifi ɗan da ba jinsinta ba. Canjin yana taruwa ne kaɗan-kaɗan a tsawon lokacin da kanmu ba ya ɗauka. Masarar da muke gasawa a bakin titin Samaru, asalinta wata ciyawa ce a Meziko da ake kira tiyosinte, 'yan ƙwayoyinta ba su fi goma sha biyu ba, kowace a cikin ɓawo mai tauri. Wajen shekara 9,000 na zaɓen manoma ya mai da ita abin da kake gani. In aka ajiye maka su biyun ba za ka ce dangi ba ne. Wannan shekara dubu tara ne kawai.

Kuma a nan ne nake ganin wata babbar matsalar take, wato lokaci. Yaro in ka ce masa "da can", iyakar tunaninsa zamanin Sarauniya Amina da ganuwa. Dutsen Kufena da yake gani kullum ya haura shekara miliyan ɗari biyar, amma a wurinsa tun da aka yi duniya yake nan yadda yake. Ba ma gaya musu cewa ƙasar Sakkwato ta taɓa zama ƙarƙashin teku, har an tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar ruwa a yankin Goronyo, aka sa mata suna da sunan garin, ta rayu fiye da shekara miliyan 65 da suka wuce. Ba ma gaya musu ƙwarangwal ɗin manyan dabbobin da aka tono a hamadar Agadas, waɗanda ke gidan tarihi na Yamai. Ƙoƙon kan Tumai ma, wata tsohuwar halitta da masana ke dangantawa da asalin mutum, a Chadi aka same shi a 2001, nan maƙwabta. Littattafanmu sai tsuntsayen tsibirin Galapagos da malam-buɗe-littafin Ingila, abubuwan da yaro ba zai taɓa gani ba.

Injiniya, Gyallesu:
Masarar ta ɗan girgiza ni, amma mutum ne ya zaɓa, da hankalinsa da nufinsa. A daji wa ke da nufin?

Maman 'Yan Biyu, Sabon Gari:
Bari in ba ka wanda ke cikin jininmu, Injiniya. Sikila. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar nan AS ne. In AS ya auri AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi SS. Duk wanda ya taɓa kwana da yaro mai ciwon nan, yana kuka da ƙashinsa, idonsa ya yi rawaya, ya san ba abin wasa ba ne. To abin da ke kashe yara haka, me ya hana shi ƙarewa tun tuni? Me ya sa ya yi yawa a nan, amma a ƙasashen sanyi da ƙyar ake ganinsa? Wani mai bincike, Allison, ya nuna a 1954 a gabashin Afirka cewa yaro AS ya fi AA tsira daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Yana kamuwa fa, kada wani ya jefar da gidan sauronsa, amma bai cika mutuwa da shi ba. Shekaru aru-aru zazzaɓi yana ɗaukar AA da yawa, ciwon yana ɗaukar SS, AS suna ragewa suna haihuwa. Rariya ce, ba ta san tsaki ba ba ta san gari ba, amma tana raba su.

Kuma wannan misalin yana karya wani tunanin da yara ke da shi, cewa duk abin da halitta ta samu don amfaninta ta same shi. Jini bai ga sauro ya yi shawara ba. Canjin ya auku ne kawai, sai ya zamana a ƙasar sauro yana da riba ga wasu, yana da mummunan farashi ga wasu.

Ustazu, Ƙofar Gayan:
Hajiya, bayaninki ya fita, kuma shi nake yi wa iyaye in ana maganar gwajin jini kafin ɗaurin aure. Inda zan tsaya miki shi ne "ya auku ne kawai". A wurina babu abin da ke aukuwa kawai. Ganye ba ya faɗuwa sai da sanin Ubangiji.

Maman 'Yan Biyu, Sabon Gari:
Na yarda da kai a imani, Malam. Abin da nake nufi shi ne canjin ba ya zuwa saboda jiki yana buƙatarsa. Ko da sauro ko babu, yakan auku. Maganar wa ya ƙaddara shi, wannan ba awon ɗakin gwaji ba ne.

Malama daga Wusasa:
Wannan rabewar ita ce ya kamata mu riƙa yi a fili a gaban yara. In malami ya ce "babu nufi", yaro yana jin "babu Allah", sai ya rufe littafi. Ni abin da nake ce musu shi ne, in an tambaye ku yadda ruwan sama ke sauka kukan yi bayanin tururi da gajimare, kuma bai hana ku roƙon ruwa ba.

Baba Tsohon Hedimasta, Ƙofar Doka:
Akwai wani kuma da ba ku ambata ba. Ku tambayi yara daga ina ƙwaron wake yake fitowa. Za su ce waken ne ke haifarsa in ya daɗe, kamar yadda suke cewa ƙazanta ce ke haifar ƙwarƙwata, ruɓaɓɓen nama ke haifar tsutsa, kwaɗi kuma ruwan sama ke sauko da su. Wanda ya ɗauka rai yana ɓullowa daga ko'ina a kowane lokaci, yaya za ka fahimtar da shi cewa kowane mai rai yana da iyaye, iyayen ma suna da iyaye?

Ɗan Samaru:
Wannan mai sauƙin nunawa ne, Baba. A ɗebo wake daga buhu a ba kowane yaro 'yan ƙwayoyi da gilashin ƙara girma. Za su ga ɗigo-ɗigo farare manne a bayan ƙwayar, ƙwai ne. Tun a gona uwar take fara sa su. Tsutsar tana ƙyanƙyashewa ta huda ta shiga ciki, ta ci ta girma, sannan ta yanke ƙofa zagayayya ta fito. A fasa ƙwaya ɗaya da farce, sau da yawa za a same ta kwance a ciki. A kuma sa su jera waken nan a kan farar takarda su duba da kyau, wani babba wani ƙarami, wani mai baƙin ido wani mai ja, wani ƙwaro ya yi masa huda huɗu, na kusa da shi ko ɗaya. Daga nan sai a tambaye su wanne za su ajiye iri.

Malamin Bayoloji, Tudun Wada:
Matsalata da wannan ita ce lokaci. Babin yana zuwa ne a ƙarshen manhaja, daidai lokacin da hankalin kowa ya koma WAEC da NECO da JAMB. Abin da ake yi shi ne a rubuta ka'idoji biyu a allo, a jera hujjoji, a ce a haddace. Ina ganin waken nan da tambayar sauro tun SS1 ya kamata su shigo, a ƙarƙashin rarrabe halittu, ba tare da an ambaci sunan babin ba ma.

Ustazu, Ƙofar Gayan:
Wake da sauro da sikila, ku kawo, zan koyar da su da hannu biyu. In aka zo kan mutum, zan faɗa wa yara abin da masana suka ce yadda suka faɗe shi, ba zan ƙara ba ba zan rage ba, don za a tambaye su a jarrabawa kuma haƙƙinsu ne su sani. Sannan in sun tambaye ni abin da na yi imani da shi, zan faɗa musu. Ɗan Samaru, kada ka ce na yi maka alkawarin fiye da haka.

Ɗan Samaru:
Ban ce ba, Malam. Amma sikilar da ka karɓa ai a jikin mutum take.

Ustazu, Ƙofar Gayan:
A jikin 'ya'yan Adamu take. Ka ga inda muka rabu.

Mai Koyon Koyarwa, Kongo:
Ranar Laraba masu duba mu za su shigo ajina, kuma babin bambancin halittu ne. Yaya Ɗan Samaru, in na zo gobe bayan azahar zan samu wake kala uku ko huɗu? Makarantar da aka tura ni ba su da gilashin ƙara girma.

Ɗan Samaru:
Ki zo. Waken ma a kasuwar Samaru za ki samu, ki ce wa mai awo ya ba ki wanda ƙwaro ya fara ci, zai rage miki kuɗi. Gilashi kuwa zan ara miki guda biyu, amma a dawo min da su.